Ba Maigadi Ne Ya Ɗauka Ba

Duk wanda ya haura shekara arba'in a cikinmu zai iya tuna daren da akan taru a gida ɗaya tilo mai talabijin a layi, yara a ƙasa, manya a kan benci, ana jiran gidan talabijin na ƙasa ya sako Derrick, ɗan sandan nan na Jamus mai manyan idanu, ko kuwa Inspector Bediako, namu na gida, wanda Oscar Provencal ya fito a matsayinsa cikin shekarun 1990. Yau kallo ya koma cikin waya, amma hukuncin da dattawanmu suka yanke wa irin waɗannan labarai tun wancan zamani yana nan daram. A majalisun shayi na Jisonayili da na Zango, da zarar an ambaci Sherlock Holmes ko Agatha Christie, sai wani ya ce tatsuniyar Turawa ce, ɓata lokaci ne, ba ta koya wa yara komai sai dabarun sata. 'Yan bokonmu kuwa, waɗanda ya kamata su fi kowa ganewa, sun mai da ita wasan wasa ƙwaƙwalwa: a yi cacar wa ya kashe, a jira ƙarshe, wanda ya canka daidai ya yi dariya, a watse.

Da ɓangarorin nan biyu muke jayayya. Muna cewa tsofaffin labaran bincike, duk da aibobinsu da za mu faɗa a gaba, sun ƙunshi suka mai zafi ga masu hannu da shuni da masu riƙe da doka, kuma a faɗin Gana da wuya a sami jama'ar da ta fi mu bukatar jin wannan suka, domin mu ne akan fara nunawa da yatsa in abu ya ɓace.

A dubi yadda akan gina labarin. An yi sata ko kisa a wani babban gida. Kafin gawa ta huce, 'yan sanda sun riga sun kama wani: ɗan aiki, ko baƙo mai wucewa, ko wanda ya taɓa zaman kurkuku. Mutanen gida sun gamsu, jarida ta buga, kowa ya koma harkarsa. Sai mai bincike ya iso, ya ƙi gamsuwa. Ya tsuguna ya duba sawu, ya auna tazarar taga, ya tambayi wa zai ci gado in wance ta mutu. A shafin ƙarshe sai ga shi mai laifin yana zaune a falo tun farko, sanye da kwat, shi ne ma yake ba 'yan sanda shawara. An maimaita wannan tsari sau ɗaruruwa cikin fiye da shekara ɗari, har marubutan suka mai da shi doka. A 1928 wani marubucin Amurka, S. S. Van Dine, ya jera ƙa'idoji ashirin na rubuta labarin bincike, ɗaya daga cikinsu ta hana a mai da bara ya zama mai laifi. A 1929 wani limamin Katolika na Ingila, Ronald Knox, ya jera nasa goma, ya hana a sako ɗan ƙasar Sin, saboda littattafan banza na lokacin sun saba ɗora kowane mugun abu a kan baƙon da kamanninsa suka bambanta. Ba don ƙaunar talaka Van Dine ya kafa dokarsa ba. A ganinsa bara bai kai darajar a ɓata littafi guda a kansa ba. Amma ko me ya nufa, abin da dokar ta haifar shi ne miliyoyin masu karatu da aka horar su riƙa ɗauke ido daga bakin ƙofa suna duban kujerar maigida.

Ga misali daga Conan Doyle, mahaliccin Holmes. A wani labari da ya fito a 1892, The Speckled Band, wata budurwa ta mutu cikin dare a ɗakin da ta kulle da kanta, makonni biyu kafin aurenta. A filin gidan akwai wasu makiyaya marasa mazauni da suka kafa tanti, kuma zato ya fara karkata gare su. Ashe mijin uwarta ne, likita, ɗan babban gida, wanda tun yana Indiya ya taɓa dukan baransa ɗan ƙasar har ya mutu, ya yi zaman kurkuku ya dawo Ingila da sunan gidansu. Dalilinsa kuwa wasiyyar uwar 'yan matan ce: kowacce ta yi aure za ta fita da rabonta na dukiyar da yake ci. Wannan labarin cin dukiyar marayu ne tsantsa, kuma babu ɗayanmu da bai san gidan da aka yi irinsa ba, ko da ba da maciji aka yi ba. A wani labarin na wannan shekara, an sace dutse mai daraja a otal, aka cafke wani mai gyara da aka kira ya gyara murhun ɗaki, don kawai ya taɓa yin laifi a baya. Wanda ya yi satar ya san da wannan tabo, shi ya sa ma ya shirya a kira shi. Ya san cewa mutum mai tabo ba ya bukatar shaida kafin a kama shi.

Agatha Christie, wadda ake yi wa kallon tsohuwa mai shan shayi da furanni, ta fi haka tsanani. A littafinta na 1939, wanda yanzu aka sani da And Then There Were None, ta tara mutum goma a wani tsibiri, kowannensu ya yi sanadin mutuwar wani kuma doka ba ta taɓa shi ba. Akwai likitan da ya yi wa mace tiyata yana cikin maye. Akwai janar ɗin da ya tura wani ƙaramin hafsa inda ya san ba zai dawo ba, saboda kishi. Akwai tsohon ɗan sandan da ya yi shaidar zur, aka ɗaure marar laifi har ya mutu a kurkuku. Akwai ɗan masu kuɗi da ya take yara biyu da mota. Akwai mace mai yawan ibada da ta kori 'yar aikinta saboda ta yi ciki, yarinyar ta faɗa kogi. Akwai kuma sojan haya da ya kwashe abinci ya bar mutum 21 'yan gabashin Afirka su mutu a daji, ya kuma amsa laifinsa ba tare da ko gezau ba, don a wurinsa ba a ƙirga irin waɗannan rayuka. Likita, soja, ɗan sanda, mai ibada, mai kuɗi, da alƙali a kansu: ginshiƙan daular Ingila ke nan matar nan ta jera ta ce hannun kowa da jini. Wanda ya karanta wannan ya ce wasan yara ne, bai karanta ba.

A talabijin, babu wanda ya fito da wannan ma'ana fili kamar Columbo, shirin Amurka da ya kankama a 1971, wanda Peter Falk ya fito a ciki. Shi babu ma cacar wa ya kashe, don tun farkon shirin ana nuna mai kisan yana aikatawa. Kusan kullum attajiri ne ko mai muƙami: likita, marubuci, ɗan takarar majalisa, har da mataimakin kwamishinan 'yan sanda. Sai ga wani ɗan guntun mutum da yamutsattsiyar riga da tsohuwar mota ƙirar Peugeot, yana sosa kai, yana ba da haƙuri, yana yaba kyawun gidan. Mai gidan ya raina shi, rainin nan kuwa shi ke kai shi ƙasa. Columbo yakan kai bakin ƙofa kamar zai tafi, sai ya juyo da wata 'yar tambaya da ya ce ya manta, kuma ita ce igiyar. Abin da ake kallo a shirin nan, mako bayan mako, shi ne talaka mai hankali yana tuɓe wa babban mutum rawani a cikin falonsa.

To, me ya haɗa mu da wannan? Tarihinmu a ƙasar nan ne ya haɗa mu. A 1863 wani jami'in Ingila, John Glover, ya kafa wata 'yar runduna a Ikko, akasarinta bayi ne masu jin Hausa da suka gudu daga iyayengijinsu. Da su aka zo Gwalkwas yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, kuma rundunar da aka kafa a nan a 1879 da sunan Hausawa aka san ta, ko da yake da yawa daga cikin mutanenta ba Hausawa ba ne, harshen kawai suke ji. Daga baya Turawa suka raba 'yan sanda gida biyu. Masu ilimin boko, galibi 'yan kudu, su ne masu riƙe alƙalami da ɗaukar bayani. Marasa boko, galibi 'yan arewa da tsofaffin soja, su ne 'yan rakiya masu riƙe kulki, waɗanda mutanen kudu suka laƙaba wa sunan buga-buga, da kalmar harshenmu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An ba kakanninmu sanda, an hana su tambaya. Da aikin soja da na 'yan sanda ya ƙare, da yawansu gadi suka koma, a ƙofar kanti da ƙofar gidan manya, daga Ankara zuwa Kumasi zuwa nan Tamale. Wato a cikin labarin binciken da ƙasar nan take rubutawa kullum, an riga an ba mu matsayinmu: mu ne mutumin bakin ƙofa, wanda ake fara ɗaure wa hannu in gari ya waye an ga kanti a buɗe.

Wannan zato ya taɓa zama dokar ƙasa. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Gana, kuma cikin hujjojin da aka yi ta bayarwa har da cewa baƙi ne ke cika ƙasa da laifi. Zanguna suka dare, mutanen da aka haifa a nan, aka haifi iyayensu a nan, suka karyar da gidajensu suka hau manyan motoci. Ba kuma tsohon labari ne kawai ba. Ranar 17 ga Yulin 2018 'yan sanda suka harbe matasa bakwai a yankin Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne. Mutanen Asawase a Kumasi, inda aka san matasan, suka ce ƙarya ne, suka fito kan titi. Kwamitin da gwamnati ta kafa ya bincika, ya ce bai sami hujjar da ta nuna 'yan fashi ne ba. Aka dakatar da 'yan sanda 21, aka ba kowane gida diyyar sidi 250,000. A lura da abin da ya faru: babi na farko na labarin ya tafi daidai yadda Doyle da Christie suka saba rubuta shi, an sami waɗanda kamanninsu da unguwarsu suka dace da laifi, an rufe magana. Bambancin kawai, a nan mai binciken ya iso bayan an binne su.

Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu da ake yi wa wannan zato, mu ma gwanayensa ne. In kuɗi ya ɓace a ɗakin uwargida, wa ake fara tuɓewa? 'Yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye, ko almajirin da ke wanke-wanke. Ɗan gida da ke ɗinka sababbin kaya kowane mako ba tare da sana'a ba, shi ba a tambayarsa, don a rufa asirin gida. In an yi fashi a hanya, kafin a ga fuskar kowa an ce Fulani ne, kuma mun ga rugagen da aka ƙona a arewacin nan a kan irin wannan magana. In aka yi ihun ɓarawo a kasuwar Aboabo, mutum nawa ne ke tsayawa su tambayi me aka sata kafin su ɗauki dutse? A watan Mayun 2017 mutanen Denkyira-Obuasi suka kashe hafsan soja Maxwell Mahama da duka da jifa, bisa zaton ɗan fashi ne, don an ga bindiga a jikinsa. A watan Yulin 2020, a Kafaba kusa da Salaga, garin da kakanninmu suka yi fataucin goro, aka kashe wata tsohuwa 'yar shekara 90, Akua Denteh, a bainar jama'a, saboda wata boka ta nuna ta ta ce mayya ce. Boka ma mai bincike ne a idon mabiyansa. An kawo masa matsala, ya nuna mai laifi, jama'a ta huta. Abin da ya raba shi da Holmes shi ne hujja, da kuma cewa yatsan boka bai taɓa sauka a kan mai ƙarfi ba.

Ga masu cewa wannan tunanin Turawa ne da bai shafi Musulmi ba, muna tunatar da su abin da suka fi mu sani. Ba muna jera Littafin Allah da ƙagaggun labarai ba ne, Allah Ya tsare. Amma a cikin ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, akwai bawa a gidan babban mutum, akwai uwargida da ta yi masa ƙazafi, akwai kuma wani daga danginta da ya ce a duba rigar, ta gaba ta yage ko ta baya. Aka duba, hujja ta wanke bawan, ta kama uwargida. Duk da haka shi aka kai kurkuku, bayan an ga alamomi ƙarara, domin a rufa asirin babban gida. Duk yaron da ya yi makarantar allo a Zango ya san wannan. Malamanmu kuma suna ba da labarin Iyasu ɗan Mu'awiya, alƙalin Basra a zamanin Umaru ɗan Abdul'aziz. Wani ya yi ƙarar cewa ya ba abokinsa ajiyar kuɗi a gindin wata bishiya, abokin ya ce bai ma san bishiyar ba. Iyasu ya tura mai ƙara ya je wurin ko zai tuna wani abu, ya zaunar da wanda ake ƙara, ya ci gaba da sauraron wasu shari'o'i. Can sai ya juyo ya tambaye shi ko yana jin abokin nasa ya isa wurin yanzu. Mutumin ya ce a'a, ai da nisa. Shi ke nan. Tambayar bakin ƙofa ta Columbo ke nan, fiye da shekara dubu kafin a ƙirƙiri talabijin. Shari'armu ta ɗora wa mai ƙara nauyin kawo hujja, ta umarce mu mu tantance labari kafin mu yi aiki da shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙi, ya ƙirga karɓar rashawa da fifita mai dukiya a shari'a cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. In akwai wanda ya bar gadonsa a wannan magana, mu ne.

Ba za mu ɓoye aibin waɗannan littattafai ba, don wanda ya ɓoye shi ya raina mai karatu. 'Ya'yan daular mulkin mallaka ne suka rubuta su, kuma warin zamaninsu yana jikinsu. A The Sign of Four na 1890, Doyle ya nuna cewa dukiyar da ta hana wani gidan Ingila barci daga Indiya aka wawuro ta, kuma hafsan Ingila ne ya ci amanar abokansa a kanta. Amma a cikin littafin nan dai ya siffanta wani ɗan tsibiran Andaman kamar dabba. Littafin Christie da muka yaba a sama, sunan da ta fara sa masa yana ɗauke da kalmar zagi ga baƙar fata, sai daga baya aka sauya. Kuma mafi yawan labaran, bayan sun kama mugu ɗaya, sukan bar gidan da tsarinsa yadda suke, bara ya koma kicin, gado ya koma hannun wani ɗan gidan. Ko Derrick da muka taso da shi, a 2013 aka gano cewa Horst Tappert, wanda ya fito a matsayinsa daga 1974 zuwa 1998, ya yi aiki a rundunar SS ta Hitila a ƙuruciyarsa, ya ɓoye har ya mutu, kuma gidan talabijin ɗin Jamus da ya shirya shirin ya daina maimaita shi. Darasin labaran ya hau kan masu yin su: mutumin kirkin da ke tsakiyar falo shi ma a bincike shi. Sai dai aibin marubuci ba ya soke makamin da ya ƙera. Wuƙar da aka yi a maƙerar azzalumi tana yanka in ta shigo hannunka.

Babbar ɓarnar ma talabijin ce ta yi ta, kuma a nan ne 'yan bokonmu suka faɗa rami. Da aka mai da Holmes shirin talabijin tare da Jeremy Brett daga 1984 zuwa 1994, da Poirot tare da David Suchet daga 1989 zuwa 2013, an kashe kuɗi mai yawa a kan gidaje da tufafi da tsofaffin motoci da jiragen ƙasa. 'Yan wasan gwanaye ne, ba mu musa ba. Amma kyamara tana da nata ra'ayi. Abin da littafi ya nuna a matsayin gidan da rubewa ta cinye, allo ya mai da shi gidan da mai kallo yake mafarkin shiga. Sai ka ga ɗan Zango ya gama kallon yadda aka kashe mace don gado, abin da ya rage a ransa shi ne kyawun labule da tsarin lambu. Da marubuciya Sarah Phelps ta sake shirya wa BBC labarin tsibirin nan a 2015, ta bar jinin a fili, sannan a 2018 ta nuna Poirot a matsayin baƙo ɗan gudun hijira da masu ƙin baƙi suke tsangwama a Ingilar shekarun 1930, masoya Christie da yawa suka fusata, suka ce an ɓata musu abin hutawarsu. Ta ƙara abubuwan da babu su a littafi, gaskiya ne. Amma Poirot tun a littafin farko ɗan gudun hijirar Beljiyam ne, kuma Turawan Ingila da ke cikin labaran sun sha raina shi saboda harshensa. Fushin nan ya nuna abin da masu kallo suka saba saye: kisa mai ƙamshin turare, wanda ba ya tambayar kowa komai.

Mu fa, ina namu? Adabin Hausa bai rasa ɓarayi ba. Tun gasar 1933 da ta haifi Ruwan Bagaja aka sami Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, labarin ɓarayi da dabarunsu. A 1982 Sulaiman Ibrahim Katsina ya fito da Turmin Danya a kan fasa-ƙwauri da jami'an da ake saye, Bature Gagare kuma ya fito da Ƙarshen Alewa Ƙasa a kan tsohon sojan yaƙin basasa da ya zama uban 'yan ta'adda. Ba mu rasa alƙali ba, don dattawa suna tuna Kuliya Manta Sabo na talabijin ɗin Kano. Kwana Casa'in na Arewa24, tun 2019, ya nuna cewa masu kallon Hausa suna da ƙishin ganin an tona asirin gwamna da 'yan korensa. Abin da ya yi mana ƙaranci, in aka gwada da tulin labaran soyayya da kishiya, shi ne mutumin tsakiya, wanda ke tsayawa bayan an yi laifi kafin a kai ga alƙali, ya ce a dakata, wannan da kuka kama ba shi ba ne. A finafinanmu da yawa mugu yakan tonu ne ta hanyar haɗarin mota, ko ciwon ajali, ko mafarki, ya yi ikirari yana kuka. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, haka ne. Amma in kullum jiran ranar muke koya wa 'ya'yanmu, ba mu koya musu yadda ake kawo ta ba, to mun bar wa azzalumi kwana 999 kyauta.

Maƙwabtanmu na kudu sun riga mu. Kwei Quartey, likita ɗan Gana, ya ƙirƙiri ɗan sanda Darko Dawson, ya bi da shi cikin al'adar bautar da 'yan mata a wuraren tsafi na yankin Volta a littafinsa na 2009, ya bi da shi cikin yaran titin Ankara, da kuɗin man fetur, da haƙar zinariya ta haram. Mohammed Naseehu Ali, ɗan Zangon Kumasi, ya nuna a 2005 cewa layin Zango ya isa ya ɗauki littafi sukutum, ko da yake da Turanci ya rubuta. A zahiri kuma ƙasar nan ta ga abin da bincike ke iya yi. A 2015 Anas Aremeyaw Anas ya ɗauki hoton alƙalai suna karɓar kuɗi, wasu har da awaki, kuma kafin shekarar ta ƙare an kori 20 daga cikin na ƙananan kotuna. Ta kuma ga kuɗin da ake biya: a watan Janairun 2019 aka harbe abokin aikinsa Ahmed Hussein-Suale a Madina. A nan Tamale ba mu manta da Alhaji Issa Mobila ba, wanda ya mutu a hannun soja a watan Disamban 2004, aka shafe shekaru kafin kotu ta yanke hukunci. Al'ummar da ta ga waɗannan abubuwa da idonta ba ta da hujjar cewa tambayar wa ya kashe wasan Turawa ce.

Kayan aikin kuwa suna zube a ƙofar gidanmu. Ga filin da aka sayar wa mutum uku a bayan gari, kowa da takardarsa mai hatimi. Ga takin gwamnati mai rangwame da ke ɓacewa ya ɓulla a hayin iyaka. Ga itacen madobiya da aka yi ta lodawa zuwa tashar jiragen ruwa alhali an hana sara. Ga gidan marayu da ya koma sunan baffa. Ga yarinyar da ta tafi dako Ankara ba ta dawo ba, ba wanda ya je nemanta. Mai binciken ma ba sai ya sa kaki ba. Christie ta ɗauki tsohuwa 'yar ƙauye mai saƙa, Miss Marple, wadda ba wanda ke sa ta a lissafi, ta sa ta fi 'yan sanda gani, don ta shekara tana kallon halin mutane. Muna da irinta a kowane layi: hajiya mai koko da ta san wanda ya fita da asuba, ungozoma da ta san cikin kowane gida, mai shayin da ake manta yana da kunne. Muna da wanda ya fi su duka, tsohon maigadi, wanda ya kwana shekara talatin a ƙofar manya idonsa biyu, ya ga wanda ya shiga da wanda ya fita da abin da aka ɗauka, ba a taɓa tambayarsa komai ba sai ranar da aka zo kama shi.

Saboda haka muna kira ga matasanmu masu rubutu a waya da masu harhaɗa finafinai a garin nan su ba mutumin nan littafi, da Hausa, da sunayen unguwanninmu, su bar shi ya yi tambaya. Muna kira ga iyaye su daina korar yara daga irin wannan karatu, su zauna tare da su, in an kama na farko su tambaye su mece ce hujja. Ga sauranmu kuwa, gwajin ba a allo yake ba. Ranar da aka sake ihun ɓarawo a kasuwa, ko aka jawo 'yar aiki tsakar gida za a tuɓe ta, a sami mutum ɗaya cikinmu da zai shiga tsakani ya ce a duba rigar tukuna. Allah Ya ba mu ikon faɗar gaskiya ko a kan kanmu ne, Ya kuma kare mu daga zaluntar wanda ba shi da mai tsaya masa.